Kan shantin na jaka 190: ƙafafun sun ci kuɗinsu, muryar ba ta ci ba

Jaka 190 ta sefa, wato dubu 190, saura ƴan canji. Kuɗin da aka biya ke nan a kan wani ɗan kan jirgin ƙasa da tsawonsa bai cika santimita 16 ba, yana nan bisa kanta a shagona na gyaran rediyo da telebijin a Sabon Gari. Da kuɗin na fara don ita ce tambayar duk wanda ya leƙo, kuma in na faɗa sai mutum ya dube ni, ya dubi abin, ya ce "Allah ya sa albarka" da muryar da ta fi kusa da jaje. Hukuncina tun yanzu: kashi biyu cikin uku na kuɗin nan sun tafi inda ya dace. Kashi na ukun kuɗin murya ne, kuma a Maraɗi muryar ba ta biya.

Ƙanena ne ya sayo shi a wani kantin irin waɗannan kaya a Liyej ta ƙasar Beljik, inda yake zaune. Ya kira ni yana tsaye gaban kanta. "Yaya, iri biyu ne fa, jiki ɗaya, fenti ɗaya. Ɗaya yuro 189, ɗaya 289, mai tsadar yana kuka irin na jirgin gaske." Na ce ya ɗauko mai arha. Ya ce, "Haba Yaya, kai da ka ƙare rayuwarka cikin lasifika? Ni zan cika ratar." To, an ce in ana ba ka ka karɓa. Lissafin ba wuya tunda sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kowane ɗaya: mai arhar jaka 124, mai muryar kusan 190, ratar jaka 65 da ɗoriya. Ba zan kama sunan kamfanin da ya ƙera shi ba, ba talla aka ba ni ba, kuma abin da zan faɗa ya shafi duk ƴan ajinsa. Ya zo cikin jakar wani ɗan'uwa da ya sauka Yamai, ya biyo kar sama da kilomita 600 har tashar nan, kwalin ko lanƙwasa bai yi ba. Shiryawar dai sai yabo: roba mai tauri ciki da waje, da soso a inda ya kamata.

Ga wanda bai san kan shantin ba, shi ne ɗan dakon tasha. Ba ya tafiya garuruwa. Aikinsa ya ja tarago daga wannan layi ya tura shi wancan, ya raba na siminti da na hatsi, ya jera su yadda babban kai zai zo ya ɗauka ya wuce. Shi ya sa ƙirarsa daban take: hanci dogo amma gajere a tsaye, ɗakin direba a ƙarshe guda da manyan tagogi ta kowane ɓangare, da matakala gaba da baya inda mai haɗa taragu ke tsayawa. Gudu ba nasa ba ne, ƙarfi yake so a tafiyar sannu.

Nawa kwaikwayon SW1500 ne, wanda EMD, a lokacin reshen General Motors a jihar Ilinoyi ta Amurka, ya ƙera guda 808 daga 1966 zuwa 1974. Na gasken ƙarfin doki 1,500 gare shi, injin gazuwal mai silinda 12 samfurin 645, kuma lambar nan girman cikin kowace silinda ce a ma'aunin inci, sama da lita 10 ke nan. Injin ba ya juya ƙafa kai tsaye. Janareta yake juyawa, ita kuma ta ba injinan lantarki huɗu wuta, kowane yana kan sandar ƙafarsa. Tsawonsa mita 13.6. In ka raba da 87 ka sami ɗan abin da ke kan kantata, domin ma'aunin da ake kira HO ke nan, ɗaya bisa 87, a kan dogo mai faɗin milimita 16.5.

Wannan 16.5 ɗin ita ta sa na tsaya a HO. Ninka ta sau 87, za ka faɗa kan milimita 1,435, faɗin dogon da aka ɗora harsashinsa a Fabrairun 2021 daga Kano zuwa nan Maraɗi, kilomita 284 ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, wanda kamfanin Mota-Engil na Fotugal ya karɓi kwangilarsa. Tsohon dogon Najeriya da ya iso Kano a 1911 ya fi shi matsi, milimita 1,067. Na Kwatano zuwa Faraku mita ɗaya ne, haka ma wanda kamfanin Bolloré na Faransa ya shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso, aka yi bikinsa a 2016 amma bai zama hanyar sufuri ba. Mu mutanen garin nan dogo ya daɗe yana ci da mu ba mu gan shi ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi tuƙin gyaɗa daga nan zuwa Kano zamanin dala, kuma labarin da ya fi yi ba na babban jirgi ba ne, na ƙaramin kan da suke zaman jira ya turo musu tarago bakin sito ne, na kwal a lokacinsu. Ranar da jirgi ya fara tsayawa a Maraɗi, irin wannan kan ne ƴan tasha za su riƙa wuni da shi.

In ka fiddo shi daga kwali, ido ne ke fara cin kasuwa. Bututun hayaƙi biyu, ƙararrawa a saman hanci, ƙahon busa, ragar gaban radiyeta ta ƙarfe ce ta gaske har kana hango abin da ke bayanta. Ƙofofin gefen hanci kowace da mariƙinta. A ɗakin direba akwai kujera da teburin tuƙi, gilasan an saka su daidai da bango, ba su lotsa ciki ba yadda na tsofaffi suke. Na ɗauko madubin da nake duba layukan farantin rediyo da shi na karanta ƙananan rubuce-rubucen gargaɗi da ke jikinsa, harafi bai cakuɗe da harafi ba. Fenti bai yi kaurin da zai cike ramukan ƙusoshi ba. Wanda ya taɓa fesa fenti a ƙaramin abu ya san wannan ba wasa ba ne. A nan ba ni da ƙorafi ko na sisi.

Sai dai adon nan an yi shi ne don ɗakin da ke da sanyi da gilashi. Ƙarafan dafawa da suka kewaye jirgin gaske kaurinsu wajen santimita 3 ne, a HO kuwa ba su kai rabin milimita ba. An yi su da wata roba mai sulɓi wadda ba ta karyewa da wuri, amma gam ba ya kama ta, fenti ma da ƙyar. A bazara, lokacin da zafi ke haura 40 a inuwa, shagona kuma rufin kwano ne, na gefen hagu suka yi ciki suka karkace. Na miƙe su da ruwan ɗumi da haƙuri, sun koma, amma ba su koma sak ba. Abin share gilashi guda ya tafi ranar da jikata ta miƙa hannu tana cewa "Kaka, ba ni in riƙe," na ce "Amarya, wannan ya fi sadakinki tsada," kafin in rufe baki ta riga ta taɓa. Ba laifinta ba ne, ba kuma laifin masu ƙira ba. Abu ne da ba a yi shi don a damƙa ba. Daga tankin mai ake ɗaga shi, da yatsa biyu, kuma duk gidan da ke da yara ya san tsawon ran irin wannan doka.

Inda kuɗin ya nuna kansa shi ne ƙasa, wurin da ba mai kallo. Gwajina mai sauƙi ne. Mutum yana tafiyar kilomita 5 a awa. A HO wannan santimita 1.6 ke nan a daƙiƙa, wato mita ɗaya a minti ɗaya da ƴan daƙiƙu. Kan shantin da ba zai iya cin mita ɗaya cikin minti ɗaya ba tare da tsayawa ko zabura ba, ado ne kawai. Wannan yana yi, yana ma yin ƙasa da haka. Na auna mita biyu a kan katako, na sa agogo, na bar shi a mataki na farko, na juya na ci gaba da walda, na waiwayo bai kai rabi ba kuma bai tsaya ba. Ga taragu 12 a bayansa a miƙaƙƙen layi, tafiyar ba ta canza ba.

Ina da abin gwadawa da shi. Tun da daɗewa nake da wani tsohon kan shantin ƙirar Faransa mai ƙafa huɗu, na hannu, da aka sayo mini yuro 30 a kasuwar gwanjo can, kusan jaka 20. Shi tafiya biyu ya sani, tsaye da tsere. Ka murɗa, shiru. Ka ƙara, yana gurnani a wuri ɗaya. Ka ƙara kaɗan, ya fizga ya daki tarago har ya sauka daga dogo. Na buɗe su duka biyun na ajiye gefe da gefe, dalilin a fili yake. Tsohon injinsa mai naɗi uku ne, maganaɗisu yana riƙe shi a wurare uku, sai wuta ta yi yawa yake kuɓucewa. Sabon naɗi biyar ne kuma an karkata su, don haka babu inda yake maƙalewa. A bakin sandar injin akwai dunƙulen tagulla da ke ajiye juyi, in wuta ta ɗan yanke ya ci gaba da tura shi. Ƙafafunsa takwas duk suna ja, duk suna shan wuta daga dogo. Tsohon huɗu gare shi, kuma da yake gangar jikinsa a sandare take, in dogo ya ɗan karkace uku ne ke taɓawa. Nauyi ma ba ɗaya ba: sabon gindinsa ƙarfen zubi ne, na ɗora shi a sikeli ya ba ni kusan giram 250. Wannan bambancin shi ne jaka ɗari da ke tsakanin 20 da 124, kuma ko yau aka ce in sake biya zan biya.

Sai hunturu ya shigo, ƙura ta fara nata. Duk mai shago a garin nan ya san yadda kanta ke yin fari tsakanin hantsi da azahar. Jirgin nan daga dogo yake shan wuta, kuma inda ƙafa ke taɓa dogo bai fi bakin allura ba. Ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta ɗaga ƙafa. Dogon kai mai gudu yana tsallake irin wannan da ƙarfin tafiya, mai rarrafe kuwa nan zai tsaya. Ya fi tsayawa a mararraba, domin yawancin masu arha tsakiyarsu inda ƙarafa ke gicciye roba ce, ba wuta. Kuma a nan ne muryar ta zama kaya. Kan da ba shi da murya in wuta ta yanke na ƙiftawar ido, tagullar nan ta tura shi ya wuce, ba ka ma lura. Mai murya kuwa akwai ƴar kwamfuta a cikinsa, dikoda, da ta ji wuta ta ɗauke sai ta mutu ta sake tashi. Kukan inji ya yanke, fitila ta lumshe, ya tsaya cak, sannan ya fara tada inji daga farko. Ana cikin haɗa taragu, wannan yana ɓata rai.

Maganin kwandansa ne masu ajiye wuta, kuma a kai mai wannan tsada ya kamata a ce sun zo a ciki. Ba su zo ba. Ni sana'ata ce, na haɗa da kaina: ƙananan kwandansa masu babban ciki, kowace bolt 2.7, a jere har su ɗauki wutar dogo, da rezista don kada su zuƙi wuta gaba ɗaya lokacin cika, da dayod don su mayar da ita ba tare da tsaiko ba. Ƙafar kwandansan ɗaya tana zuwa shuɗiyar waya, ɗayar kuma ƙasan dikoda. Launin wayoyin nan ƙa'ida ce ta NMRA, ƙungiyar masu ƙananan jiragen ƙasa ta Amurka, ko'ina iri ɗaya: ja da baƙa daga dogo, ruwan lemo da toka zuwa inji, fara fitilar gaba, rawaya ta baya, shuɗiya ita ce uwar fitilu. Wuri ne babu. Hancin SW1500 siriri ne, inji da lasifika sun cike shi, dole na cire kujerar direba na cusa su a ɗakinsa, aka yi asarar adon da aka biya kuɗi a kai. Yanzu ko na ɗaga shi daga dogo yana ci gaba da kuka na ƴan daƙiƙu, mararraba kuma ba ta tsayar da shi. Amma wanda ba ya riƙe da ƙarfen walda a hannu kullum, kada ya kusanci faranti irin wannan. Kuskuren milimita ɗaya ya ƙone jaka 65.

Ita kanta muryar, in za a yi mata adalci, an yi aiki a kai. Ka danna maɓallin F8 a akwatin umarni ka ji inji ya tashi, F1 ƙararrawa, F2 ƙaho, F0 fitila. Yana hawa matakai takwas yadda na gaske yake yi, kuma sautin yana riga ƙafa tashi, inji ya yi nishi kafin jirgi ya motsa, wanda haka yake tunda sai janareta ta tara wuta. Har ƙarar birki akwai in ya zo tsayawa. Wani dattijo maƙwabcina da ya yi zaman Kano shekaru, da na busa masa ƙahon sai ya gyara zama ya ce, "Malam, sake." Wannan na ba ta. Amma ni mai lasifika ne, kunnena ba ya yi mini ƙarya. Lasifikar da faɗinta bai kai santimita 2 ba ba za ta fitar da rurin silinda 12 ba, kowa ya ƙera ta. Saman sautin kake ji, gindin babu. Ga kabu-kabu na wucewa, ga janaretan mai walda, ga injin markaɗe a bayan shago. In ka ƙure ta tana tsatsa, in ka rage ta titi ya cinye ta. Sai bayan isha'i ake jin daɗinta, lokacin kuma iyali na neman barci. Maganaɗisun lasifikar ma yana tsince duk ɓurɓushin ƙarfen da ke kan dogo, sai ka riƙa cire shi da salatif.

Kuma jaka 65 ba ita ce ƙarshen kuɗin murya ba, nan ne mai kanti ba ya gaya maka. Dikoda tana son tsarin da ake kira DCC, inda wuta ke kan dogo kullum, umarni yana tafiya a cikinta zuwa ga kowane kai da lambarsa. Duk sabon kai lamba 3 yake zuwa da ita. Tsari ne mai kyau ƙwarai: matakan gudu 128, ga guraben saiti masu lamba da ake kira CV, kana iya gyara ƙarfin tashi a CV2, nauyin ɗaukar gudu a CV3, na tsayawa a CV4. Amma sai da akwatin umarni, nawa yuro 140 ya ci, jaka 92. Kafin ƙafa ta juya an haura 280, ba a yi maganar dogo da taragu ba. An rubuta a kwali cewa yana aiki da wutar batir ta yau da kullum, kuma gaskiya ne, sai dai dikoda tana shanye bolt 6 ko 7 na farko kafin ya motsa, sai ka rasa tafiyar sannun da ka saye shi dominta.

Marar muryar kuwa bolt 12 kawai yake nema, daga sifiri zuwa sama, ka juya waya ya juya baya. Bolt 12 kuwa akwai ta a duk gidan da ke da fanon hasken rana da batir. Don in tabbatar, na cire dikodar na haɗa injin kai tsaye da ƙaramin faranti mai rage gudu, irin wanda muke sa wa fanka ta batir, kuɗinsa bai kai jaka 3 ba. Ya yi mini mita ɗaya a minti ɗaya lafiya lau. An ɗauke kuran, unguwa ta yi duhu, jirgi na tafiya. Gargaɗi ɗaya: kada a haɗa irin wannan faranti da kai mai dikoda, yankakkiyar wutar da yake bayarwa tana rikita ta. Wanda kuma za a aiko masa da akwatin umarni daga Amurka ya duba jikin taransfo, can wutarsu 120 ce, tamu 220. In ba a rubuta 100 zuwa 240 ba, hayaƙi zai gani.

Tsabta ba ta da tsada amma ba ta da hutu. Farin ƙyalle da alkol na farmasi a kan dogo kafin a fara. A jiƙa ƙyallen a shimfiɗa bisa dogo, a ɗora ƙafa huɗu a kai, sauran huɗun su sha wuta su juya su, baƙin datti ya fita. Ban da sanfefa, tana karce ƙarfe ƙura ta sami wurin zama. Mai kuma ɗigo ɗaya a bakin allura ya isa, in ya yi yawa shi da rairayi sun zama abin niƙa giya. Dogon a nemi na farin ƙarfen nan mai nikel, na baƙin ƙarfe da damina ɗaya ya yi tsatsa. Wani tela ya ɗinka mini rufi da yadin labule, ya fi komai amfani.

Abin da ya sa nake cewa kan shantin ne ya dace da mu, wuri. Babban kai mai ƙafa goma sha biyu yana son da'ira mai faɗi, ko matsattsiyar da Amurkawa suka saba amfani da ita inci 18 ce daga tsakiya, katakon sai ya kai mita ɗaya a faɗi. Wa ke da wannan ɗaki? Nawa katakon mita 2 ne a tsawo, santimita 30 a faɗi, a jikin bango sama da teburin aiki. A kai na shimfiɗa wasan da wani Bature ɗan Ingila, Alan Wright, ya fito da shi, ana ce masa Inglenook. Mararraba biyu, layuka uku, ɗaya yana cin tarago 5, biyun 3-3, layin ja da baya kuma yana cin kai da tarago 3 kacal. Taragu 8 ne a fili. Na rubuta lambobinsu a marafan kwalba, a zuba a hula a zaro biyar, sai ka jera jirgi daidai da yadda suka fito. Jeri iri 6,720 ke iya fitowa. Abokaina na majalisa da suka fara da dariya yanzu gardama suke a kan wa ya fi ƙarancin kai da komo. Wani Alhaji mai kantin yadi, da ya ce wannan aikin yara ne, ya zauna daga la'asar har kiran magariba yana neman yadda zai fiddo tarago na bakwai daga bayan na biyu. A wannan wasa ba wanda ya taɓa tambayar ƙararrawa. Abin da kowa ke so shi ne kan ya taɓa tarago a hankali ƙugiya ta kama.

Ƙugiya ma magana ce. Na Amurka dunƙulen hannu ce mai buɗewa, na Turai zobe da ƙugiya, ba sa haɗuwa ko kaɗan duk da dogon ɗaya ne. Taraguna na gwanjo na Turai ne, kan kuma na Amurka. Sa'a ɗaya, taragun Turai na baya-bayan nan suna da aljihun ƙugiya na ƙa'ida, NEM 362, kuma kamfanin Kadee yana yin ƙugiyar ƙarfe mai shiga wannan aljihu, lamba 17 zuwa 20, tsawo ne ya bambanta su. Waɗanda suka zo a jikin kan na roba ne, na maye su da na ƙarfe. Da su, maganaɗisu a tsakiyar dogo yana kwance tarago ba sai ka sa hannu ba, ko ka yi amfani da tsinken sakace. Nauyin tarago ma a kula. Shawarar NMRA a HO ita ce oza ɗaya, a ƙara rabin oza kan kowane inci na tsawo, tarago mai santimita 14 ya tashi giram ɗari da kaɗan. Marar nauyi in aka tura shi ta mararraba hawa yake ya sauka. Na lilliƙa wa nawa noti a ciki.

Wanda jaka 124 ta yi wa yawa, gwanjo na nan, amma ya gaya wa mai sayo masa ya kifa kan ya duba cikinsa. In akwai dogon ƙarfe mai sulɓi a tsakiya, na tsarin Märklin ne, kaya masu inganci amma wutarsu daban, ta tsakiyar dogo suke sha, taragunsu ma in ka ɗora a namu dogon haɗa wuta suke. In an rubuta OO na Ingila ne, ɗaya bisa 76, zai hau dogon HO lafiya amma zai fi taragun girma. Sunayen da zai ci karo da su a HO su ne Athearn da Atlas da Bachmann da Walthers a ɓangaren Amurka, Roco da Piko da Jouef a Turai, kuma kusan kowannensu yana da aji mai arha da mai tsada, don haka suna kaɗai ba ya gaya maka komai. A sa mai kanti ya ɗora shi a dogo ya tafi da shi a hankali. In ana jin ƙas-ƙas a kowane juyin ƙafa, giyar da ke kan sanda ta tsage, ciwon tsofaffi ne, a bar shi. A nemi mai ƙafa takwas, ko da fentinsa ya koɗe.

Kayan gyara kuwa ko sukuru ɗaya ba za ka samu a babbar kasuwa ba, kuma aiko da abin yuro 5 ta gidan waya zai ci ninkinsa kafin a yi maganar duwan. Duk wanda za a sayo wa ya haɗa saƙon a tafiya ɗaya: kai marar murya mai ramin dikoda, ko wata rana ya so ƙarawa, mararraba biyu masu tsakiyar ƙarfe, ƙullin mahaɗan dogo, kwalbar man da ba ya cin roba, da fakitin ƙananan sifirin na ƙugiya. Sifirin ɗin nan a sayo da yawa, domin in ɗaya ya yi tsalle ya faɗa ƙasar shago, ko da maganaɗisu ba ka ƙara ganinsa.